Tambayar da Ban Karanta wa Baba Ba

Ni na koya wa ƙanena lissafi, kuma gara in faɗi wannan tun da wuri, don shi ne abin da na yi shekaru ina lallashin kaina da shi. A zauren gidanmu na Dogo Tebo nake zaunar da shi, in zube masa ƙwallon dabino a tabarma, in ce ya raba mini kashi uku, in ya kuskure in murɗe masa kunne. Shekara huɗu na ba shi. Ni aka tura makarantar horon malamai, na dawo Potiskum da alli a hannu ina koyar da lissafi da kimiyya. Shi kuwa kafin lokacinsa ya zo hanya ta riga ta buɗe. Ya yi sakandare, ya yi jami'a, daga can Turawa suka ga takardunsa suka ce ya zo. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ya tafi. Ni na ɗaukar masa akwati har tasha, ina dariya ina yi masa tsiya cewa sanyi zai mai da shi ƙanƙara, cikina kuwa kamar na haɗiyi garwashi.

Babanmu masaƙi ne. Kakanninsa daga Borno suka gangaro, kuma har ya bar duniya Hausarsa ba ta rabu da ɗanɗanon Barbarci ba. A gindin darbejiyar ƙofar gida yake zama, zarensa a miƙe cikin lungu kamu ashirin ko fiye, can ƙarshe an ɗaure shi a jikin katakon da aka danne da dutse don ya riƙe shi tamau. Awakin unguwa ma sun san ba a tsallake zaren nan, zagayawa suke yi. Ni ma zagayawa nake yi. Tun ina yaro ya taɓa ba ni ƙoshiyar saƙa in jefa, na tsinke masa zare biyu, ya karɓe abarsa ya ce hannuna nauyi gare shi. Bai sake ba ni ba. Ƙanena kuwa yakan bar shi ya kama masa wadari, wato jera dogon zaren da za a saƙa, su yi ta kai da kawo tsakanin turaku ba mai ce wa wani uffan, kuma in ka gan su ka san hira suke yi.

Da ƙanena ya tafi, sai ya zamana duk maganar da ke tsakaninsa da Baba ta bakina take bi. Baba yana karanta Alƙur'ani da ajami, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Ƙanena kuma ajaminsa ya lalace tun da ya bar allo, don haka da boko yake rubutowa, a shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama. Wasiƙa takan zo a jakar makarantarmu, in kawo ta gida bayan la'asar. Baba ya sauke ƙafafunsa daga matakan saƙa, ya goge hannu a gwiwa, ya ce, “To, Malam, mu ji.” Malam yake kirana tun da na fara koyarwa, kuma har yau ban tabbatar ko girmamawa ce ko zolaya ba. In na gama karantawa ya faɗi amsa, ni in rubuta, ni in kai gidan waya.

Da farko tsakani da Allah nake karantawa. Wasiƙa ta uku ce ya yi bayanin aikinsa. Ya ce akwati ne mai faɗin ƙyauren ɗaki, an jera wayoyi sirara a ciki ɗaya kusa da ɗaya, an cika shi da wata irin iskar gas, an ba wayoyin wutar lantarki mai ƙarfi. Akwai wasu ƙananan abubuwa da duk abin da ke duniya da su aka gina shi, ido ba ya ganinsu, madubin asibiti ma ba ya gani. Idan ɗaya ya ratsa akwatin sai ya bar sawu a cikin iskar, sawun ya ruga zuwa wayar da ta fi kusa, wayar ta ba da labari cewa ga inda abu ya wuce. Shi aikinsa ba ƙera akwatin ba ne. Shi yake gina shi a cikin lissafi kafin a taɓa ƙarfe. Yakan huda katuna, ya zuba wa wata na'ura mai cika ɗaki, ita kuma ta zana masa hanyar da sawun zai bi. Ya canja irin iskar ya gwada, ya matso da wayoyin ya gwada, ya ƙara wuta ya gwada, har ya samo tsarin da ya fi, sannan ya miƙa wa masu ƙira.

Na fahimci kamar kashi ɗaya cikin uku na maganar, kuma wannan kashin ya ishe ni ƙuna. Abin da nake nuna wa yara da matajin roba da gutsattsarin takarda, shi ne mutumin nan yake wasa da shi a na'urar da ko hotonta ban taɓa gani ba. Na ɗauka Baba zai ce Allah ya taimaka, ya koma kan aikinsa. Sai na ga ya gyara zama.

“Wayar nan guda nawa ce a jere?”

Na duba, na faɗa masa ɗaruruwa ne.

“Tsakanin wannan da wannan fa?”

Na gwada masa da farce, kaurin tsinken ashana.

“Da me suke jan ta? Ko kowace da nata nauyin?”

Na ce bai faɗa ba. Baba ya bi zarensa da kallo har can ƙarshen lungu, sannan ya yi wata dariya da ban taɓa jin ya yi saboda ni ba. Ya ce, “Ashe saƙa yaron nan ya tafi yi.” Da yamma na ji shi a ƙofar masallaci yana maimaita wa maƙwabcinmu, wani Bakarkare dillalin shanu, cewa ɗansa yana can ƙasar Turawa yana yi musu wadarin ƙarfe. Shekara goma ina koyarwa a makarantar da in ya miƙa wuya zai hango rufinta, bai taɓa tambayata me nake koya wa ’ya’yan mutane ba. Kishi na ji.

Daga nan na fara buɗe wasiƙun a ofishin malamai kafin in kai gida. Na ce wa kaina don in shirya fassarar kalmomin Turanci ne. Sai na fara rage wani abu nan da can. In ya ce shugabansu ya yaba masa, in ce aiki yana tafiya. In ya ce an tura shi wata ƙasa ya yi bayani gaban manyan malamai, in ce ya yi ’yar tafiya ya dawo lafiya. Ba ƙarya nake yi ba, a ganina, aski kawai nake yi wa labarin. Baba bai lura ba, don shi maganar wayoyin kawai yake jira.

Wata rana wasiƙa ta zo mai kauri. Ya ce suna so su yi akwatin da ya ninka na da, sai matsala ta taso. Idan waya ta yi tsawo aka ba ta wuta, kowace sai ta riƙa ture ’yar’uwarta, wannan ta yi sama waccan ta yi ƙasa, jeren ya wargaje, wuta ta yi tartsatsi, waya ta tsinke. Lissafinsa ya nuna sai an ƙara jan su, amma jan da ake bukata ya fi ƙarfin wayar, don ta fi gashi siranta. Ya yi wata uku yana zuba katuna, na'ura tana ba shi amsa ɗaya. A ƙarshe ya rubuta, kuma har yau ina iya kawo shi da ka: “Yaya, don Allah ka tambayar mini Baba. In wadari ya yi tsawo, zare kuma siriri ne, in an ƙara ja zai tsinke, me yake yi don kowane ya tsaya a wurinsa? Na san ya sani.”

Na karanta wurin nan ya fi sau biyar. Ni da na san me ya sa wayoyin ke ture juna, ni da nake da littafin kimiyya a aljihun tebur, ba ni aka tambaya ba. Ni ɗan aike ne. Na ɓoye wasiƙar kwana biyu, na cika bayan takardun jarrabawar yara da lissafi, ko zan samo amsar in aika masa in ce ga ta yayanka. Ban samo komai ba sai ciwon kai. A rana ta uku na kai wa Baba, na karanta gaisuwa, na karanta labarin dusar ƙanƙara, da na iso wurin tambayar sai idona ya yi tsalle ya dira a kan “ka gaida mutanen gida”.

Baba ya ce, “Takarda har uku, maganar ke nan?”

Na ce, “Sauran Turanci ne, Baba, nawa ne.”

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma na san ƙanena, in bai ji amsa ba zai sake tambaya. Don haka da Baba ya gama faɗin tasa amsar, ta addu'a da gargaɗin kada ya yi wasa da salla, na koma makaranta na ƙara layi biyu a ƙasa. Na rubuta cewa Baba ya ji tambayarka kuma ransa bai yi daɗi ba. Ya ce sana'ar da ta ciyar da kai ba abin wasa ba ce, kada ka sake haɗa ta da wayoyin Turawa. Na lashi bakin takardar na manne, na hau kekena na kai gidan waya ina fito.

Abin ya yi aiki fiye da yadda na so. Wasiƙun suka rame. Ina lafiya, sanyi ya shigo, sanyi ya fita, a gaida kowa. Yanzu ba sai na yi aski ba, a aske suke zuwa. Duk ranar da na karanta, Baba yakan jira in kai ƙarshe, sannan ya ce, “Babu komai a kan akwatin?” In ce babu. Ya karɓi takardar ya juya bayanta, ya miƙo mini. Bayan wata shida ya daina tambaya. Ran nan dillalin nan ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, dawowarsa daga kasuwar shanu ke nan, ya ce, “Ina labarin mai wadarin ƙarfe?” Baba bai ɗago ba, ya ce, “Ya girma. Ya ga ba za mu gane ba.” Ina tsaye a wurin. Na ji kunya, na ji daɗi, kuma in zan faɗi gaskiya daɗin ya rinjaya.

Na ma ɗan ci ribar abin. Da ba shi da wanda zai yi tunani a kansa, Baba ya fara juyowa wajena. Wata rana hadari ya haɗo ta wajen Nangere, ya tambaye ni me ke kawo walƙiya. Na ajiye keke, na tattara duk abin da na sani, na yi masa darasi na rabin sa'a har da zane a ƙasa. Da na gama ya ce, “To, madalla,” ya ce in taimaka a shigar da kaya kafin ruwa ya sauko. Daren nan ban yi barci ba don murna, ni da ’ya’yana uku a lokacin.

Shekara biyu aka yi a haka, sannan ƙanena ya zo hutu cikin damina. Ya yi fari, ya tara gashi, Hausarsa tana ɗan tuntuɓe. Ranar farko ’yan sannu da zuwa suka cika gidan, ban damu ba. Na lissafa cewa shi mai kunya ne, Baba kuma ba mai tone-tone ba, maganar za ta mutu a tsakaninsu. Lissafina na biyu ke nan da ya ƙi fita.

Washegari da hantsi, Asabar ce babu makaranta, Baba yana kafa sabon wadari. Na fito da keke zan tafi Yindiski duba gona. Sai ga ƙanena ya fito, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen turke.

“Baba, tun da na zo nake neman yadda zan faɗa. Ka yafe mini tambayar nan da na yi. Wallahi ba raini ba ne.”

Baba ya tsaya da zare a hannu. “Wace tambaya?”

“Ta wadari. Wadda ka ce kada in sake.”

“Ni na ce?”

Babu wanda ya kira ni. Ƙanena ne ya fara juyowa, sannan Baba. Ina riƙe da kan keke, ƙafata ɗaya a kan feda, na rasa ko in hau ko in sauka. Na buɗe baki in ce wataƙila fassara ce ta sami matsala, na tuna da Hausa aka rubuta. Baba ya dube ni kamar yadda yake duban ƙyallen da aka kawo masa daga kasuwa aka ce saƙar hannu ce. Ya mai da fuskarsa ga ƙanena, ya ce, “Faɗa mini tambayar.”

Ƙanena ya fara faɗa. Baba bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya ce, “Kama nan.” Ya ba shi bakin zaren, ya tafi jikin dangar maƙwabta ya zaro sillen kara guda biyu, ya fere su da wuƙa. Ya taka kamu biyar ya ratsa ɗaya a tsakanin zaruruwan, ya ƙara biyar ya ratsa ɗayan.

“Ba ja za ka ƙara ba, tsawon za ka rage masa. Daga hannunka zuwa karan nan gajere ne. Daga kara zuwa kara gajere ne. Girgiza ka gani.”

Ƙanena ya girgiza, zaren ya tsaya cak a jere. Sai ya fashe da dariya, irin wadda hawaye ke biyo ta. Ya ce abin da suka yi ke nan daga ƙarshe, sun ratsa wata siririyar igiya a ƙarƙashin wayoyin wuri-wuri. Amma sai da suka kusa cinye shekara, suka tsinke wayoyi ba adadi, kuma wani abokin aikinsa ne ya kawo dabarar, ba shi ba. Nasa aikin daga baya shi ne ya lissafa yadda igiyar ke dushe jin wayar a daidai inda ta taɓa ta.

Baba ya ce, “Ai dole. In kara ya matso kusa, saƙa ba ta yin kyau, sai ka tura shi gaba. Ku naku ba ya turuwa?”

“Ba ya turuwa, Baba, akwatin a rufe yake.”

“To ku sa shi inda abin naku bai cika bi ba.”

“Haka lissafin ya ce.”

Ƙanena ya shiga ɗaki da gudu ya fito da wani ɗan kwarkwaro, an naɗe shi da waya mai ruwan zinariya. Ya ce tun can ya sako ta a jaka, yana ta shakkar nunawa. Baba ya warware kamu ɗaya, ya ɗaga ta a rana bai gan ta sosai ba, sai ya ja ta a kan leɓensa na ƙasa kamar yadda yake gwada zaren da mata suka kaɗo. Ya ce, “Wanda ya kaɗa wannan ba ya fushi.” Suka durƙusa su biyu kai da kai. Ni ina nan da keke. Ban je Yindiski ba, ban kuma shiga gida ba, har rana ta take.

Baba bai taɓa ɗaga maganar ba, ko a ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ƙanena ma shiru ya yi har ranar komawarsa, muna tsaye a tasha ana ɗaure kaya a saman mota. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yaya, shekara biyu na yi ina jin nauyin Baba. Ko hotonsa ba na iya kallo.”

Maimakon in ce ya yafe mini, sai na ji bakina ya ce, “Ni ai ba ka tambaye ni ba.”

Ya juyo da mamaki na gaske, ba na tsokana ba. Ya ce, “Kai ai na san abin da ka sani, Yaya. Littafi ɗaya muka karanta.” Ya rungume ni ya shiga mota. Na fi wata ina tauna maganar nan, kuma har yanzu ban gama yafe masa ita ba, ko da yake ni ne mai laifi.

Bayan sati shida wasiƙa ta zo. Na daɗe ina juya ta a ofis, ban buɗe ba. Na yi zaton Baba zai ce daga yau a kai wa wani ya riƙa karanta masa, ga yaran sakandare nan birjik a unguwa. Da na miƙa masa, ya duba bakinta ya ga a manne take, ya miƙo mini. Bai so a ji a gari cewa ɗansa malami ba abin yarda ba ne.

“Zauna nan, Malam.”

Ya nuna mini tabarma dab da gwiwarsa, ba kujerar da na saba zama ba. Na buɗe, takarda huɗu cif, duk labarin akwati. Ya karɓa ya shimfiɗa ta a cinyarsa, ya ɗora ɗan yatsansa a farkon layi na ɗaya. Ya ce, “Karanta.” Na karanta, yatsan yana bin layin a hankali har ƙarshe, sannan ya sauka na biyu, kamar mai ƙirga zare. A tsakiyar shafi na gama wani layi yatsan bai kai rabi ba. Ya tsaya.

“Wannan ya fi abin da ka faɗa tsawo.”

“Sunan iskar ne da Turanci, Baba.”

“Faɗe shi haka nan.”

Na faɗa. Yatsan ya ci gaba. Da ya faɗi amsa na rubuta, nan ma sai da na maimaita masa layi-layi da yatsansa a kai, ya ga inda rubutu ya ƙare, ya sa na manne a gabansa.

Haka muka yi har ƙarshen rayuwarsa, duk wata, a gindin darbejiya bayan la'asar. Ɗalibaina sukan wuce ta lungun, su gan mu kai a haɗe a kan takarda, yatsan tsoho yana bin layi. Sai su rusuna su gaishe ni, washegari in ji suna faɗa a makaranta cewa Malam yana da kirki, kullum yana koya wa babansa karatu. Ban taɓa gyara musu ba.